Ranee Campen da nauyin zama mutum biyu a jiki ɗaya

A nan Katsina, idan aka ambaci fim ɗin ƙasar waje, hankalin mutane yakan tafi ga na Indiya da ake fassarawa, ko masu dogon zango na Turkiyya da Koriya da ake turawa a waya a shagunan cikin gari. Na ƙasar Tailan ba su samu karɓuwa irin wannan ba, kuma ina ganin mun yi asara, domin akwai gwanintar wasa a cikinsu wadda ta cancanci a tsaya a duba ta da kyau. Wanda ya ja hankalina shi ne Bupphesanniwat, wanda tashar Channel 3 ta nuna a 2018 cikin kashi 15.

Labarin wata budurwa ce ta wannan zamani mai suna Ketsurang, wadda ta karanci ilimin kayan tarihi, ta yi hatsarin mota, sai ruhinta ya shiga jikin Karaket, 'yar babban gida a Ayutthaya, tsohon babban birnin Tailan, zamanin Sarki Narai, wanda ya yi mulki daga 1656 zuwa 1688. Batun ƙaurar ruhi ba abu ne da muka yarda da shi a addininmu ba, saboda haka na ɗauke shi a matsayin ƙagaggen labari, na mayar da hankali kan aikin 'yan wasan.

Ranee Campen ce ta fito a matsayin matan biyu, kuma a nan ne nauyin fim ɗin ya rataya, tunda fuska ɗaya ce, tufafi iri ɗaya ne, gidan ma bai canza ba. Idan Karaket ce, za ka ga wuya a miƙe, tafiya a ƙasaite, tana yi wa bayinta kallon hadarin kaji tun kafin ta buɗe baki. Da Ketsurang ta shiga jikin, sai kafaɗun suka saki, takun ya yi faɗi, zaman ya zama na wadda ta saba da kujera ba da tabarma ba, dariya kuma tana kuɓuce mata a gaban manya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ta gyara wannan a rana ɗaya ba. Kashi bayan kashi natsuwa take shigarta, har ta iya haɗa tafukan hannu ta sunkuyar da kai yadda ya kamata, amma idanun nan masu son sanin komai ba su taɓa komawa na Karaket ba.

Matan da suka fito a matsayin bayinta, Phin da Yaem, sun taimaka mata matuƙa. A farko suna rarrafowa gabanta jiki a ƙanƙame, kai a ƙasa, kamar masu jiran duka, sai ga uwargijiyar tana yi musu magana da taushin murya, su kuwa sun kasa gane ko wani sabon tarko ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zubewa a kwashi gaisuwa a fadar Sarkin Katsina ya san bambancin durƙuson girmamawa da na tsoro, kuma waɗannan mata sun nuna duka biyun, sun kuma nuna lokacin da ɗaya ya rikiɗe ya zama ɗaya.

Wata ƙanwata da muka kalla tare ta ce Thanawat Wattanaputi, wanda ya fito a matsayin saurayin jarumar, ya cika sandarewa. Ban yarda da ita ba. An ba shi rawar ɗan babban malamin fada ne, mutumin da aka raina da kawaici, wanda ya fara da ƙin wannan yarinya saboda muguntarta ta baya. Irinsa ba ya bayyana so da surutu. Murmushin da yake dannewa, da saurin kawar da ido idan ta juyo, su ne maganarsa, kuma riƙe fuska irin wannan ya fi kuka da kururuwa wuya.

Inda na ga rauni shi ne wuraren barkwanci, da ake cusa wasu 'yan sautuka don a tilasta wa mai kallo dariya, alhali fuskar jarumar ta riga ta gama aikin. Haka kuma an yawaita maimaita faɗuwarta a hannun saurayin ana jan hoton a hankali, har abin ya fara gundura.

Louis Scott kuwa, wanda ya fito a matsayin Constantine Phaulkon, Bagirken da ya zama na hannun daman Sarki Narai kafin a kashe shi a 1688, bai yarda ya zama mugu zalla ba. Ya bar kwaɗayin mulki da tsoron faɗuwa suna kokawa a fuskarsa, ta yadda na ji haushinsa a tsakiyar labarin, na kuma tausaya masa da gaske sa'ad da aka zo tafiya da shi.