Wasiƙa daga Sikotlan: Salsalar Dangi a Kan Duwatsun Maƙabartar Ƙauye

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga bayani kan yadda mutanen ƙasar nan ta Sikotlan, da ke arewacin Birtaniya, ke bin salsalarsu.

Sai a 1855 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotlan, Ingila kuwa tun 1837. Kafin nan littafin coci ne madogara, shi kuma ya fi kula da baftisma da aure, binne mamaci sau da yawa ba a rubuta shi. Don haka a ƙaramar maƙabartar da ke kewaye da cocin ƙauye, dutsen da ke kan kabari kan zama shi kaɗai ne shaida.

Dutse ɗaya yakan ɗauki mutum shida ko fiye: wanda ya sa aka kafa shi, iyayensa, matarsa, 'ya'yan da suka rasu suna jarirai, sunan gonarsu da sana'arsu. Bakin garma alamar manomi ce, ƙoshiya ta masaƙi, guduma da kambi a kai ta maƙera. Abin da ya fi daraja a wurin mai bin salsala shi ne yadda ake rubuta matar aure da sunan gidan ubanta, domin ta nan ake kama dangin uwa. Ɗan fari kuma yawanci sunan kakansa na wajen uba yake ci, kamar yadda ake yi wa mahaifi takwara a gida.

To amma dutse ma yana kuskure. Wani an kafa shi shekaru da dama bayan rasuwar, jika ya faɗa wa mai sassaƙa abin da ya iya tunawa. Idan an ce mutum ya rasu cikin shekararsa ta 70, to 69 ya cika. Ba kuma duk mai suna a dutse ne ke kwance a ƙarƙashinsa ba, akwai waɗanda teku ta ci da waɗanda suka rasu a Kanada. Idan yaro ya rasu, akan mayar wa ƙanensa sunan, sai mai gaggawa ya haɗa mutum biyu ya mai da su ɗaya.

Sai lalacewa. Ruwa kan shiga dutsen yashi ya daskare da sanyin hunturu, fuskar dutsen ta ɓantare da rubutunta, 3 ta koma kamar 8, 1 kamar 7. Kada a kankare gansakuka da buroshin ƙarfe ko a zuba bilic, wato sinadarin wanki mai cire launi, rubutun ne zai tafi. Ruwa zalla da buroshi mai laushi sun isa. A haska tocila ko madubi daga gefe, inuwa za ta fito da haruffan. A kwafe kowane layi yadda yake, a ɗauki hoto, a lura da duwatsun da ke kusa domin dangi tare ake binne su, sannan a gwada da ƙidayar jama'a ta 1841 zuwa gaba.

Kaburburanmu na gida ba su da irin wannan rubutu, kuma malamai da yawa sun hana shi, saboda haka wannan ilimi a bakin tsofaffi yake. Mai niyyar rubutawa ya tambayi sunan yanka da laƙabi, sunan uwa da garinsu, sana'ar gidan, da sarkin da ke mulki lokacin rasuwar, domin da zamanin sarki ake gano shekara. Ya fara da gwaggo da inna, su suka fi riƙe auratayya.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.