Gwajin ruwan saiwar tumatir: inda aka kwana

'Yan uwa masu koyo, an kammala zagayen farko na gwajin auna ruwan da saiwa ke turowa sama idan aka yanke karan shuka, kuma tumatir ya fi barkono ba da ruwa, don haka da shi za mu ci gaba.

A samu shuke-shuke uku a tukwane, masu kaurin fensir. A shayar da su sosai da daddare. Da safe a yanke karan da sabuwar reza, santimita 5 daga ƙasa, yanka ɗaya tak, domin wuƙa marar kaifi tana murƙushe hanyoyin ruwan. A zura robar ƙarin ruwa ta asibiti a kan kututturen, a naɗe mahaɗar da zaren roba, a shafa man basilin, sannan a ɗaure ta a jikin sanda ta tsaya tsaye. A ɗiga ruwa kaɗan da sirinji, a ɗora ɗigon man gyaɗa a kai don kada ya ƙafe. Idan faɗin ramin robar milimita 3 ne, hawan ruwa na santimita ɗaya kusan mililita 0.07 ke nan. A yi alama duk awa.

Tukunya ta farko a bar ta yadda take. Ta biyu a nutsar da ita a bokiti har ruwa ya rufe ƙasar. Ta uku a riƙa ba ta ruwan ƙanƙara.

Abin mamakin yana ta biyu: ga ruwa har wuya, amma hawan sai raguwa yake. A fatar ƙwayoyin saiwa akwai furotin mai suna akwaforin, ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi. Da iskar oksijin ta yanke, cikin ƙwayar sai ya yi tsami, ƙofofin su rufe. Shi ya sa tumatir ke yaushi a fadamar da ruwa ya kwanta. Sanyi ma yana rage aikinsu. Peter Agre ne ya fara nuna aikin wannan furotin a 1992, da wanda ya samo daga ƙwayar jini, aka tabbatar da na tsirrai a 1993.

Sai dai kada mu yi gaggawar ɗora komai a kan akwaforin. Saiwar da ta rasa iska tana kuma rage tura sinadaran abincin shuka cikin hanyoyin ruwa, wanda shi ke janyo ruwan tun farko. Robarmu ba ta iya raba biyun. Masana suna toshe ƙofofin da sinadarin makuri (zaiba) don tantancewa, amma guba ne, ba na gida ba.

Idan ruwa ya ƙi motsi a tukunya ta farko, a duba kumfar iska ko yoyo a mahaɗa. Taki mai yawa ma yana tsayar da shi.