Talata: na raka Umma wajen likitan zuciya

Sha ɗayan dare ta wuce, gida ya yi tsit, ni kuwa barci ya ƙi zuwa.

Ana idar da sallar asuba muka tari adaidaita sahu ni da Umma, don mu kama layi da wuri. Wata bakwai ke nan da rasuwar Abba. Ta fita takaba, amma har yau daga ɗaki sai sallaya. Tuwo loma biyu take yi ta ture kwanon. Makon jiya ta ce ƙirjinta ya yi nauyi kamar an ɗora mata dutsen niƙa, gabanta kuma yana yawan faɗuwa ba gaira ba dalili.

Aka auna jini, 170 bisa 100. Aka manna mata wayoyi a ƙirji aka ɗauki bugun zuciya. Ina jira likita ya fara faɗan gishiri da magi, sai ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, kina samun barci?" Ta yi shiru. Ya ce, "Da wa kike hira a gida?" Sai hawaye. A nan na ji cewa tun sadakar arba'in ta daina shan maganin hawan jini. Cewa ta yi, "Likita, in sha don wa?"

Ɗaki ɗaya muke kwana da ita, amma ban sani ba.

Likitan ya yi mana bayani a tsanake. Idan mutum ya firgita, jikinsa kan saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke. Wannan na ɗan lokaci ne, kamar in ka yi kiciɓis da maciji. Idan fargabar ta zauna wata da watanni, jini ya yi ta hawa, jijiyoyin su gaji. Ga shi ciwon damuwa kan raba mutum da barci da abinci da motsa jiki, har da shan magani. Ya ce cikin mutum biyar da suka tsira daga bugun zuciya, kusan ɗaya kan faɗa ciwon damuwa, kuma su mutuwa ta fi yi wa barazana. Shi ya sa a 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta nemi a lissafa shi cikin abubuwan haɗari ga irin waɗannan majinyata.

Ina saurare ina tuna kakarmu, da takan ce wance ta haɗiyi zuciya ta mutu. Ashe likitoci ma sun san abin. A 1990 aka fara bayyana shi a Japan da sunan takotsubo: baƙin ciki mai tsanani ya sa ɗakin zuciya na hagu ya kumbura kamar tulu, ya kasa tura jini sosai. Ya fi kama matan da suka manyanta. Yawanci ana warkewa cikin makonni, amma yana iya kisa. Ranar Alhamis za a yi wa Umma hoton zuciya a duba.

Abin da ke cina shi ne "ki yi haƙuri" da muka yi ta maimaita mata. Maganar gaskiya ce, amma da ita muka toshe mata baki. Annabi Yaƙubu ma idanunsa sun yi fari don baƙin cikin rabuwa da Yusufa, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni.

An kuma tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa. Da na gaya wa Yaya a waya, ya ce, "Haba, Umman tamu?" Na ce masa ƙirji da kai duk na mutum ɗaya ne, kuma ranar da za a je shi zai tuƙa mu. Ya yi jim, ya ce to.

Bayan isha'i na zauna kusa da ita na ce, "Umma, ba ni labarin ranar da kika fara ganin Abba." Ta daɗe tana magana, tana kuka, har ta ɗan murmusa da ta zo kan tsohon kekensa. Na miƙa mata ƙwayar da kofin ruwa, ta karɓa ta sha. Yanzu ina jin numfashinta daga nan, ta yi barci.