Batir a kan kogin Isa

Ina jigilar mutane da kwale-kwale mai inji daga Yamai, wani lokaci har Bubon ranar kasuwa ko in an samu masu son ganin dorina. Injina na jan igiya ne, ba ya buƙatar batir kafin ya tashi, ɗan cajin da yake bayarwa kuma bai taka kara ya karya ba. Amma akwai fitilun dare, da ƙaramin famfon kwashe ruwa, ga wayoyin fasinja. Shi ya sa na ɗaura pano, wato allon da ke samar da wuta daga hasken rana, mai wat 100 a kan rumfa, na haɗa shi da batir mai bolt 12 da amfiya 100.

Lissafin takarda ya ce batirin yana ɗauke da wutar wat 1200 na awa guda. Rabi ne naka. Batirin dalma in ana zuƙe shi har ƙasa kullum, ba ya daɗewa, musamman na mota, wanda aka yi don ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci a tada inji, ba don ya kwana yana ciyar da fitila ba. Don haka abin awon bolt ya fi mini komai daraja. Da asuba, kafin rana ta taɓa pano, bayan batir ya huta, nake ɗora masa wayoyi biyun abin awon. In na ga 12.6 ko 12.7, ya cika. In 12.2 ne, ya kai rabi, ranar babu cajin waya. Awon tsakar rana ruɗi ne, sai ka ga 14 da wani abu alhali pano ne ke magana.

Nan ne ake samun ɓacin rai. Fasinja zai miƙo waya ya ce, "Maigida, don Allah ɗan sa mini." Sai in ce, "Yi haƙuri Alhaji, famfo ya fi waya." In kwale-kwale ya fara shan ruwa a tsakiyar kogi, kowa yana gane dalili.

Tsakanin pano da batir dole a sa regilata, na'urar da ke daidaita caji, domin pano shi kaɗai yana wuce bolt 18, ya dafa batir. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, shi ma yana shanye ruwan ciki. Nakan buɗe murafen in duba, in farantan dalmar da ke ciki sun kusa fitowa sai in ƙara ruwan batir tatacce. Ruwan kogi kuwa, ko yana gabanka, kar ka kuskura.

Batirin yana cikin akwatin katako mai huji, a ɗage daga ƙasan kwale-kwale, nesa da jarkar fetur, saboda iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta. Fis, mai yanke wuta in ta yi yawa, yana dab da kan batirin da ke da jar waya. Wayoyin na sayo masu kauri a kasuwar Katako, don siririya tana ɗumi, wutar ta lalace a hanya kafin ta kai famfo. Farin garin nan da ke taruwa a kawunan batir, da ruwan kanwa da tsohon burushin haƙori nake wanke shi, in goge, in shafa giris.

Lokacin hunturu ƙura ce matsalar. Yarona yana share pano da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya kafin mu kwance igiya, in an bar shi kwana biyu sai cajin ya ragu, abin awo ya nuna.