Shekara biyu da waya a bakina

Haƙorana na gaba na sama sun turo waje tun ina yarinya, har na saba rufe baki da gefen mayafi in zan yi dariya. Sai da na fara koyarwa a wata makaranta kusa da Ƙofar Ƙaura na tara kuɗi na je wurin likitan gyaran jerin haƙori, don a ɗaura mini siririyar wayar ƙarfe a haƙoran. Inna ba ta so ba. Cewa ta yi, "Abin da Allah ya dasa, waya ce za ta matsar da shi?"

Ni ma haka na ɗauka, cewa wayar lanƙwasa haƙori take yi. Likita ne ya zana mini a takarda. Haƙori ba a kafe yake cikin muƙamuƙi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wata siririyar tantani mai zare-zare da ke riƙe da shi. In waya ta danna shi, ƙashin da ke gefen da aka matse sai jiki ya riƙa narkar da shi kaɗan-kaɗan, a ɗaya gefen kuma sabon ƙashi ya cike gurbin. Haka haƙori ke tafiya, kusan milimita 1 a wata. Shi ya sa kowane ƙarin ɗauri ke zuwa da tsamin kwana biyu zuwa uku, ranakun da ba na iya komai sai kunu da fura mai ruwa. Rake, ƙilishi da goro kuwa na yi sallama da su.

A wata na takwas aka sa ranar aurena. Na roƙi likita ya ƙara matsewa, ya ƙi. Sai na yi gaban kaina: ƙananan robobin da ya ce in riƙa maƙala ɗaya a kowane gefe, na koma maƙala biyu-biyu. Wajen wata uku ina haka, ina shan ciwo ina jin daɗi wai aiki na sauri.

Da aka sake ɗaukar hoton haƙoran, ya jera shi da na farko. Saiwoyin haƙorana biyu na gaba, waɗanda da suke da tsini, sun dakushe, sun ɗan gajarce. Ya dube ni ya ce, "Malama, me kika ƙara?" Na faɗa masa gaskiya. Ya ce ɗan zaizayewar bakin saiwa yana samun mutane da yawa masu sa waya, galibi bai kai ya yi lahani ba, kuma haƙoran gaba na sama su suka fi shiga haɗari. Amma ƙarfi mai yawa da daɗewar aiki suna ƙara shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce ƙashi yana sake ginuwa, amma tsayin saiwa in ya tafi ba ya dawowa. Ranar na yi kuka a cikin Keke Napep har gida.

Ya dakatar da ja na wata uku don saiwoyin su huta. Da wayata a baki aka kai ni ɗakin miji, kuma ba wanda ya damu sai ni.

Yanzu ƙanwata tana son robar gyaran haƙori mai garai-garai da ake sawa a cire a maimakon waya, wai ita ba ta taɓa saiwa. Na ce mata ita ma turawa take yi, ta hanyar ƙashin nan dai, kuma sai an sa ta awa 20 zuwa 22 a rana. Na sa ta yi alkawarin hoto kafin a fara da kuma a tsakiya, a kuma duba dasashinta, don ciwon dasashi yana cin ƙashi, waya a kansa ƙara ɓarna take.

An cire tawa bara. Kowane dare bayan sallar isha ina sa abin riƙe haƙora, saboda suna son komawa inda suka fito. Dabino ma, in busasshe ne, da turame nake tauna shi, ba na gatsa da na gaba.