Kafin ka kwance sitiyarin motarka saboda fadul

Ranar Asabar ɗan yayata ya zo gaishe ni da motarsa, Infiniti G35 mai ƙofa biyu ƙirar 2005 da ya saya bara, ko zama bai gama yi ba ya miƙo min waya wai Kawu duba abin da na yi oda. Na karɓa na duba. Fadul shifta ne, waɗannan 'yan kunnuwa biyu na bayan sitiyari, ka ja na dama giya ta hau ka ja na hagu ta sauko, an haɗo su da wani sitiyari mai ƙyalli da tulin wayoyi. Wai akwai wani rewaya da ya ce masa awa biyu ya gama aikin. Wallahi take na ji haƙarƙarina ya amsa. Na fara yi masa bayani, yaron nan kansa na kan waya yana ta eh Kawu, eh Kawu, kun dai san yadda yaran yanzu suke saurare da kunne ɗaya. To tunda a waya suke jin magana bari in rubuta a nan, ƙila ya karanta, shi da ire-irensa.

A 2014 na sayi Nissan 350Z 'yar Kwatano, ita ma ƙirar 2005, otomatik mai giya biyar, injin V6 lita 3.5. Giyarsu ɗaya da G35 ɗin yaron nan, shi ya sa ma abin ya tsaya min a rai. Maniyuwal na so tun farko amma ba a samu mai kyau ba, kuma duk mai shiga go-sulo ɗin Kano kullum ya san abin da kuloci ke yi wa ƙafar hagu, don haka har yau ban ga laifina ba a nan. Matsalar daga majalisa ta taso. Abokai suka sa ni gaba, wai ka sayi doki ka ɗaura masa linzamin jaki, wai wannan ai motar kai amarya ce. Akwai ɗaya a cikinmu mai Infiniti G37, tasa da fadul ta zo daga kamfani, ranar da ya ba ni na ja ta a titin Zariya na sauke giya da yatsa injin ya yi wannan gurnanin, daga ranar ban ƙara jin daɗin tawa motar ba.

Kuma ni ba jahilin mota ba ne, abin da ya fi ci min rai kenan. Na san tarihin fadul. Ferrari ce ta fara shigo da shi tseren Formula 1 a 1989, Nigel Mansell ya ci tseren Barazil da motar a fitarta ta farko, sai a 1997 suka sa shi a motar titi, F355. Na san duk wannan ina ba da labarinsa a majalisa. Abin da na ƙi tsayawa in yi tunani a kai shi ne waɗancan motocin giyarsu irin ta maniyuwal ce da kuloci na gaske, na'ura ce kawai ke taka kulocin a madadin ƙafa. Tawa kuwa tok kwanbata ke tsakanin inji da giya, kamar fanka biyu suna fuskantar juna a cikin mai, ɗaya ta kaɗa man ya juya ɗayar. Sannan gefen libar giyata dama akwai wurin + da -, ka tura gaba ta hau ka ja baya ta sauka. Makunnai ne kawai a wurin masu aika saƙo ga kwamfutar giya, ita kuma ta duba in ta ga dama ta canja, in ta ga injin zai wahala ta ƙi. Fadul ɗin da za ka ƙara ba abin da yake yi illa ya danna waɗannan makunnan daga sama. Giyar ba za ta ƙara sauri ba ko na ƙiftawar ido. Hannunka ne kawai ya canja wuri.

Duk da haka na yi. Na samo sitiyari mai fadul a jikinsa, aka kai ni wurin wani rewaya da ake ta yabo. Ga inda gizo ke saƙar: sitiyari juyawa yake, to duk wayar da za ta fito daga cikinsa dole ta bi ta wani faifai da ke bayansa, kulok sifirin suke ce masa, wata siririyar waya ce shimfiɗaɗɗiya a nannaɗe kamar tef ɗin tela. Ta nan hon yake bi, ta nan maɓallan sitiyari suke bi, kuma ta nan wayar iyabag take bi, mai soket ruwan ɗorawa, wato jakar iskar nan da ke fashewa ta tare mutum in an yi haɗari. Layukan ciki a ƙidaye suke, ba a bar wa fadul gurbi ba. Mutumin ya ari layin kurus kwantirol, maɓallin da ke riƙe gudun mota ba sai ka taka totur ba, ya yanka nan ya haɗa can, ya naɗe da baƙin tef. Da zai mayar da faifan bai saita shi a tsakiya ba, alhali zagaye wajen biyar kawai yake da shi gaba ɗaya, biyu da rabi kowane gefe. Ina tsaye a kansa fa. Na ga ya juya shi da hannu, ban san ma'anar abin ba, kuma ban tambaya ba don kar yaran gareji su ce Alhaji bai san mota ba.

Sati uku na yi ina jin daɗi, ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi sosai. Da asuba in fita baifas ba kowa, hannu biyu a sitiyari, in sauko daga huɗu zuwa uku kafin kwana, wannan abin har yau in na tuna sai na ji wani iri a ƙirjina. Shi ya sa ba na son masu cewa harkar mota shirme ce, ba su ɗanɗana ba ne. Matashi ne ni da kuɗina na halak, ban sha ƙwaya ba ban bi mata ba, mota na so. Meye laifi a ciki?

Sai wata rana ina fakin na murɗe sitiyari har ƙarshe na ji ƙas. Hon ya mutu, fadul na hagu ya mutu, fitilar iyabag ta hau ƙiftawa a dashbod. Na koma wurin rewayan. Ya ce faifan ne ya tsinke, a sayo wani ko kuma ya yi dabara. Na ce yi dabarar, don Juma'a za mu Kaduna ɗaurin aure kuma ina so a ga motar. Ya jona layin hon da na fadul, na iyabag ya ƙi jonuwa, sai ya sa ɗan resista, wani ƙanƙanin abu mai rage ƙarfin wuta, a soket ɗin don kwamfuta ta zaci iyabag na nan lafiya. Fitila ta mutu. Ya faɗa min abin da ya yi, bai ɓoye ba, ni na ce ba komai in mun dawo a gyara. Shekaru na yi ina ɗora masa laifin nan, wani lokacin har yanzu ina ɗora masa, don mai sana'a ya kamata ya ce a'a ko da mai mota ya nace. Amma bakina ne ya ce ba komai.

Mun dawo ban gyara ba. Wata biyar ban gyara ba, tunda ba fitilar da ke damuna. Ranar da abin ya faru muna dawowa daga Zariya da ƙanina, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, wata akori-kura ta shigo titi ba sigina. Gudu nake, wannan ma na amsa. Iyabag ɗin gefen ƙanina ya fashe ya tare shi, ya fito da ƙurjewa a hannu kawai, alhamdulillahi. Nawa shiru. Bel ya riƙe ni amma fuskata da ƙirjina sun samu sitiyarin nan da na kashe wa kuɗi, haƙarƙari biyu da haƙoran gaba uku da karan hanci. Hajiyarmu ta kwana huɗu a kujerar asibiti. Abin da ban taɓa faɗa mata ba har ta koma ga Allah shi ne da hannuna na sa aka kashe abin da zai kare ni, ita ta tafi tana cewa motar ce ba ta da kyau.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, yanzu da na zo nan na ga ba su kai ba. Kar ka yi. In fadul kake so tara kuɗi ka sayi motar da ta zo da shi, G37 ko 370Z mai giya bakwai, an gama magana. Ku yaran yanzu ba ku da haƙurin tara komai, kun ga bidiyon minti ɗaya a TikTok wani a Amurka ya haɗa a garejin gidansa, ba ku ga littafin wayarin da ke gabansa ba, ba ku ga na'urar da yake duba kwamfutar motar da ita ba, sai ku kwashi mota ku kai wa wanda kayan aikinsa fulaya ce da ɗan kwan gwaji.

In kuma ka rantse sai ka yi, kuma na san za ku yi don ni ma ba wanda ya isa ya hana ni a lokacin, to nemi irin wanda ake ɗaurawa a jikin wuyan sitiyari, wanda ba ya juyawa tare da shi, irin na G37 ɗin. Wayarsa ba ta bi ta faifan, kai tsaye za a ja ta zuwa makunnan liba. Daga baya na gano haka na abokina yake, abin yana gabana kullum ban lura ba. A cire kan batir a jira aƙalla minti uku kafin a taɓa komai a wurin. Kuma ka kunna mota ka kalli fitilar iyabag da idonka, ta kama na wajen daƙiƙa bakwai ta mutu da kanta. In wani ya ce maka zai kashe ta da dabara, karɓi makullinka ka bar garejin ko da ka riga ka biya.

Gaskiya ma dai ku bar sitiyarin nan yadda kamfani ya yi shi. Kuɗin ka canja man giya da irin wanda littafin motar ya ce, Matic J ko Matic S, ka sa tayoyi masu kyau da birki, za ka fi jin bambanci a hannunka.

Jiya na kira yaron na ce in kayan sun iso kar ya kai wa kowa, ya kawo min motar gida tukuna mu buɗe kwalin tare. Ya ce to Kawu. Na ce kuma ya zo da wuri, akwai hoton asibiti da zan nuna masa wanda ko mahaifiyarsa ba ta taɓa gani ba. Laraba kayan za su iso.