Mako uku ina zargin harsashi, ashe noti ne ya kwance

Kakana maharbi ne, da hannunsa yake ɗura wa bindigar toka albarushi. Wataƙila shi ya sa da zama ya kai ni Texas, inda doka ta yarda mutum ya haɗa harsashin farautarsa a gida, abin ya shiga raina. Bindigata .308 Winchester ce, burina kuma kafin a buɗe farautar barewa a watan Nuwamba in samu harsashin da ramukan harbinsa za su taru cikin inci ɗaya a nisan yadi 100, wato wajen mita 91.

Ranar gwajin farko harbi biyar suka watse kusan inci huɗu. Na koma gida na sake auna albarushi a sikeli, na rage, na ƙara iya abin da littafin awo ya yarda, na sauya zurfin da kan harsashi ke shiga kwanso. Duk a lokaci guda nake taɓa su, kuma wannan ne babban kuskurena, domin ko an samu sauƙi ba zan san wanne ya kawo shi ba. Mako uku ina wannan wahala.

Wani dattijo da ke teburin kusa da nawa a filin gwajin harbi ne ya tambaye ni ko na gwada harsashin kamfani a bindigar. Ban gwada ba. Ya ba ni biyar, su ma suka watse kamar nawa. Nan jikina ya yi sanyi. Ya kama madubin saiti ya girgiza, sai ga shi yana motsi kaɗan: noti ɗaya na zoben da ke riƙe shi ya kwance. Muka ɗaure, tarin ya dawo kusan inci biyu.

Sauran matsalar ta fi wuyar ganewa. Harbi biyu na farko suna manne da juna, na uku zuwa na biyar sai su riƙa hawa sama a jere. Zafi ne. Bututun bindigar farauta siriri ne, ga ranar Agusta, ni kuma ina harbi ba hutu. Dattijon ya zura takardar dala ɗaya tsakanin bututun da ƙotar, ta maƙale a gaba, alamar katako na taɓa ƙarfe idan ya ɗumama. Na goge wurin da sanfefa, na koma jiran mintuna tsakanin harbi da harbi.

Yanzu ina da ɗan littafin da nake rubuta iska, zafin rana da abu ɗaya tak da na sauya a kowane gwaji, kuma ba na yarda da harbi uku, sai biyar, sau biyu. Satin da ya wuce haɗina na farko, wanda na yi ta zargi, ya taru cikin inci ɗaya da kwata.